Magaribar da Na Fuskanci Teku

Assalamu alaikum 'yan uwana mata masu bin labarina, da ku maza masu leƙowa a ɓoye kuna cewa ba ku karanta irin wannan. Yau zan faɗa muku abin da ko Ummi ban faɗa wa ba. Ni Khalida, wadda aka haifa a unguwar Misfala ta Makka, wadda in ta buɗe taga hasumiyar agogon Harami take fara gani, ranar Litinin ɗin nan na tayar da sallar magariba na juya wa Ka'aba baya. Raka'a ɗaya da rabi. Kada ku yi saurin zagina, ku bari in kai ku wurin.

Ga wadda yau ta fara shigowa, gidanmu yana can saman dutse, matakala tamanin da huɗu daga titi. Mu uku ne a ciki: ni, da Ummi, da mahaifiyarta Saudatu, wadda muke kira Sitti. Babu namiji a gidan tun rasuwar Baba. Sitti ta shekara shida ba ta sauka ba, ƙafafu sun ƙi. A ɗakinta nake kwana, ni nake shafa mata man zaitun a gwiwa, ni nake juya kujerarta ta kalli taga in an kira salla. Sana'ata zanen lalle, amaren unguwarmu da yawa da hannuna suka shiga ɗaki.

Sai ga Nu'uman.

Ɗan ƙawar Khala Jannatu ne, ƙanwar Ummi. Wata biyu ke nan da aka yi shofa, wato zuwan da saurayi yake yi ya ga yarinya a gaban iyayenta. Na shigo da faranti ɗauke da lemon mangwaro, na miƙa masa kofi. Bawan Allah bai ɗaga kai ba. Daga baya ya rubuto mini: "Da za a jera mata ɗari a ce in nuna fuskarki, zan ji kunya. Amma in aka ce su miƙo hannu, ba zan ɓata ba." Na karanta saƙon nan ya fi sau talatin, ina kwance a ƙasa kusa da gadon Sitti, na rage hasken waya.

Ina sonsa. Na faɗa, ban ɓoye ba. Matsalar ɗaya ce, a Jidda yake, kuma a Jidda za mu zauna. Mutanensa sun ce ranar Alhamis za su zo a yi milka, ɗaurin aure ke nan a bakinmu na nan, in na amsa. Ni kuwa ban amsa ba.

Ummi ta bi ni kicin, ta bi ni wurin shanya, har ƙofar banɗaki ta tsaya tana magana.

"Ya binti, me kike jira? Yaro mai salla, mai aiki, uwarsa mun san ta tun muna 'yan mata. Jidda ce fa, ba Sin ba. Awa ɗaya!"

"Ummi, wa zai juya wa Sitti kujera?"

"Ni na mutu ne?"

"Ke ba ki san yadda take so ba. Sai an ɗan karkata ta hagu, saboda ginin nan da ya tare."

"Khalas! Sai ki auri kujerar."

Sitti kuwa magana ɗaya ta yi tun ranar shofa, da Sakkwatancinta da shekara saba'in a Makka ba su goge ba. Ta ce: "Salla guda nan dubu ɗari ce. Can, guda guda ce." Ta juya fuska bango. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Don na san labarin: da ƙafa ita da iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato tana ƙaramar yarinya, suka yi shekaru a hanya suna noma a gonakin mutane a Sudan, duk don su zama maƙwabtan Ɗakin Allah. Ni kuma saboda wani mai kunya da dogon wuya in tattara in bar wurin?

Ranar Lahadi da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Kin taɓa ganin inda nake aiki?"

"Ban taɓa ganin Jidda ba ma."

Ya turo fuskar mamaki guda uku. Gaskiya na faɗa masa. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta mutu tare da Baba ina 'yar shekara bakwai, sai bara aka gyara. Duk tsawon shekarun nan shingen da ke hanyar Jidda shi ne ƙarshen duniyata. Na san Mina, na san Arfa, na san kowane lungu na Harami. Teku kuwa a waya kawai.

"Ki zo ki gani da ƙafarki," ya rubuto. "Kada ki ce a'a ga garin da ba ki taka ba. In kin ƙi bayan nan, wallahi ba zan sake damunki ba."

Litinin bayan azahar na buɗe kwaba na tsaya. Baƙar abayar da nake zuwa Harami da ita na fara ɗauka, Khala Jannatu, wadda za ta raka ni, ta fizge.

"Ta'aziyya za ki?"

Ta zaro mini mai ruwan toka, wadda aka yi wa ɗinkin zare shuɗi a bakin hannu, da tarha, wato mayafi, ruwan madara. Na sa farin takalmi mara tsini, na zana ɗan siririn reshe a bayan hannun hagu, tun da dai hannun yake kallo. A jaka na saka 'yar sallayata mai naɗewa. Da na durƙusa gaban Sitti na ce mun tafi, ba ta tambaye ni ina ba. Ta shafa kaina kawai, ta ce kada in bari magariba ta wuce ni.

A taksi Khala ta yi barci tun kafin mu bar gari. Ni na manna goshi a gilashi. Duwatsun Makka suka yi ta raguwa, suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa ta kwanta shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga. Da muka zo shingen nan na riƙe katin iƙamata har ya yi mini shaida a tafi. Jami'in ko kallonmu bai yi ba, ya kaɗa hannu. Shekara goma sha bakwai ina tsoron kaɗa hannun nan.

Da na buɗe ƙofar mota a Kornish, wurin shan iska na gaɓar Jidda, iska ce ta fara gaishe ni. Iskar Makka busasshiya ce, tana wucewa ba ruwanta da kai. Wannan kuwa ta manne mini a fuska, mai ɗumi, mai laima, kamar numfashin wata babbar dabba da ke barci kusa. Na lashi leɓe na ji gishiri. Na ce wa Khala, "Iskar garin nan an sa mata gishiri." Ta ce in rufe baki kada a gane daga dutse na sauko.

Nu'uman yana tsaye a bakin wani lambu, farar jallabiyar tob, hula ba rawanin gutra, riƙe da kofi biyu na balila, dafaffen wake mai tsami da yankakken kokwamba. Ya gaida Khala har da sunkuyawa. Ni ya gaida takalmina.

Khala ta shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ta jera fulas da kofuna, ta miƙe ƙafa.

"Gwiwata ba ta yawo. Ku je, amma inda idona zai kai. Nu'uman, idona yana kai nesa, ka tambayi uwarka."

"Na'am, ya Khala."

Muka bi hanyar da aka shimfiɗa wa jan dutse, shi a gaba da taku biyu, ni a baya. Itatuwan dabino a jere, wasu gajerun bishiyoyi masu jan fure, yara a kan kekuna. Ban ga ruwan ba tukuna, wata 'yar katanga ta tare. Sai hanyar ta lanƙwasa.

'Yan uwa, ban san yadda zan faɗa muku ba. A Makka duk inda ka jefa ido sai ya buge da wani abu, dutse ko bene, ya dawo maka. Nan na jefa ido ya tafi, ya tafi, bai dawo ba. Ƙasa ta ƙare. Haka kawai, kamar wanda yake shimfiɗa ta ya gaji ya ajiye. Na ji jiri, na kama ƙarfen da aka gitta.

"Ish bik? Lafiya?" Karo na farko da ya kalli fuskata ke nan.

"Wa ya tare shi daga can gefen?"

"Sudan," ya ce, yana danne dariya.

"Kuma ba ya zubewa?"

"Tun da na fara aiki dai bai zube ba."

Ruwan yana zuwa ya taɓa duwatsun gaɓa ya koma, ya bar farar kumfa mai zane. Na tsaya ina kallo da idon mai lalle. Kowane zuwa da zanensa, bai taɓa maimaita ɗaya ba, kuma kafin ka gama gani ya goge da kansa. Na ce a raina, wannan mai zanen ba ya jiran amarya ta yaba.

Muka ci gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen ne. A garinmu duk mai tafiya da ƙafa ya san inda ya nufa, ko zuwa Harami ko dawowa. Nan sai na ga mutane suna tafiya da sauri, suna kaɗa hannu, su kai wani wuri da babu komai, su juyo. Na tambayi Nu'uman sa'ayin me suke yi. Ya ce sa'ayin tumbi. Na ga wani tsoho da sandar kamun kifi, ya zauna shiru, kyanwoyi biyar sun zauna a bayansa a layi, su ma shiru, duk suna kallon zare ɗaya. Na ga hankaki sun taru a kan fitila suna musu kamar dillalai. Na ga wata mata da ta kawo tsuntsunta a keji, ta ajiye shi a kan benci ya sha iska, ita tana danna waya.

Sai muka iso wurin aikinsa. Wasu manyan siffofi ne na tagulla da dutse a tsaitsaye cikin fili, ba mutum ba, ba dabba ba. Wata kamar ƙwai da aka huda, wata kamar an murɗe tsani, wata kuwa na zagaya ta sau biyu ban gane gabanta ba.

"Me kake yi musu?"

"Wanka."

"Wanka?"

"Gishirin iska yana cinye su. In aka bar su wata uku sai su yi kore, su fara ɓarewa. Kullum da sassafe nake zuwa da tankin ruwan daɗi, in wanke, in goge, in shafa musu kakin zuma." Ya ɗora tafi a kan mai kama da ƙwai kamar yana taɓa goshin mara lafiya. "Wannan ta fi kowa raki. Gefenta na yamma kullum sai na yi sau biyu."

Na dube shi. Namiji mai gemu, aikinsa ya yi wa ƙarfe wanka ya shafa masa mai, kuma ya san wadda ta fi raki. Na tuna gwiwar Sitti ta dama, wadda ita ma sai an yi mata sau biyu. A nan ne zuciyata ta gama tafiya, sauran jikina ne kawai ya rage a Misfala.

Waya ta yi ƙara. Khala: "Idona ya daina kai." Na rubuta mata muna dawowa. Ba mu dawo ba. Ya sayo mini gasasshiyar masara, muka ƙara gaba, yana nuna mini inda ƙananan kaguwa suke ɓuya, ina tambayarsa ko su ma yana yi musu wanka.

Rana ta sauko ta yi ja, ta zauna a kan ruwan. Ban taɓa ganin faɗuwarta ba sai ranar. A wurinmu dutse ne yake sace ta tun da sauran haske. Can cikin tekun kuma sai wani farin ginshiƙi ya miƙe sama, ruwa ne ake harbawa, dogo har wuya ya gaji, kansa yana watsewa kamar mayafi. Fawwara ke nan, in ji Nu'uman. Iyalai suka yi ta shimfiɗa dardumai a bakin ƙarfen, layi bayan layi, tsofaffi a kan kujeru, kowa ya yi shiru, kowa ya fuskanci wuri ɗaya.

Aka kira salla daga nesa.

"Masallacin yana can baya, tafiya ce," ya ce. "Bari in yi alwala a famfon can, in dawo mu san yadda za a yi."

Ni ina da alwala, kuma Sitti ta ce kada magariba ta wuce ni. Na zaro sallayata. To ku saurara, don a nan ne abin ya faru. Tun da aka haife ni ban taɓa tambayar alƙibla ba, ban taɓa saka manhajarta a waya ba, me zan yi da ita? A garinmu in ka ga jama'a sun zauna layi layi sun fuskanci wuri ɗaya, nan ne. In ka ɗaga kai ka ga dogon abu fari yana haske sama da komai, nan ne. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na shimfiɗa sallaya yadda kowa ya shimfiɗa darduma, farin ginshiƙin yana gabana, na kabbara.

Kuma wallahi, abin da ya fi ba ni tsoro, sallar ta yi mini daɗi. Iska tana kaɗa tarhata, ruwan yana amsa mini Fatiha.

Ina tsaye a raka'a ta biyu na ji murya a bayana, ƙasa ƙasa.

"Khalida. Alƙibla tana bayanki."

Na juya a cikin sallar yadda aka koya mana, sai ga shi tsaye a gabana, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya yi tsalle gefe kamar an watsa masa tafasasshen shayi, takalminsa ɗaya ya fita. Na ɗaga ido ina neman agogo. Babu. Titi ne, da motoci, da wani bene mai tallar firji. Haka na ƙarasa, hawaye suna sauka a kan sallaya.

Da na sallame ya yi tasa sallar a gefe, sannan ya zauna nesa kaɗan.

"Ba komai fa. Kowa yana kuskure."

"Ba 'yar Misfala ba."

"Ki duba ta wani gefen. Duk mutumin Jidda in zai yi salla sai ya ba teku baya ya kalli unguwarku. Ni wata biyu ke nan ina..."

"Astagfirullah, Nu'uman!"

"Ka'aba nake nufi! Laifina ne da kuka gina gida kusa da ita?"

Na so in yi dariya, kuka ya hana. Na ce, "Ba zan iya ba. Awa uku na yi a garinku na ɓatar da Ɗakin Allah. In na shekara fa? Sitti ta yi gaskiya."

Ya ɗauko takalminsa ya riƙe a hannu yana kallo, kamar a jikinsa aka rubuta amsar. Sannan a hankali ya ce, "Na yi miki alkawari ba zan dame ki ba. Mu je in mai da ku wurin taksi."

"Tsaya in tambayi Sitti ko zan sake sallar."

Duk tambayar addini a gidanmu wurinta ake kaiwa. Na kira wayar Ummi na ce ta miƙa mata ta ba mu wuri. Na faɗa wa Sitti komai. Na jira faɗa.

"Da anka gaya miki, kin juya?"

"Na juya, Sitti."

"To sallarki ta yi. Bar kuka. Mi ke wanga ƙara bayanki?"

"Ruwan ne."

"Matsa kusa."

Na je bakin ƙarfen na miƙa wayar. Ruwan ya zo, ya koma. Ya zo, ya koma. Na fi minti biyu a haka, hannuna ya gaji. Da na mai da ita kunne sai na ji numfashin Sitti ya canza.

"Khalida, da kinka kabbara, ina kinka dosa?"

"Tsakiyar ruwan, Sitti. Inda rana ta faɗi."

"Inna tana nan."

Ban gane ba. Duk rayuwata na ɗauka mahaifiyar Sitti tana kwance a maƙabartar Makka.

"Jirgin katako munka shiga daga Sawakin, gaɓar Sudan, ina da shekara takwas. Kwana na ukku zazzaɓi ya ɗauke ta. Babu ƙasa, babu inda za a haƙa. Anka naɗe ta da zanenta, anka yi mata salla, anka sa ta cikin ruwa. Ina riƙe da ɗankwalinta. Da munka sauka Jidda Baba ya kama kaina ya juya shi gabas, ya ce kada in waiwaya. Ban waiwaya ba, ɗiyata. Shekara saba'in da biyu, sau biyar kullum, ina ba ta baya."

Na zauna a ƙasa, abayar toka da komai.

"Sitti, ai ke kika ce salla a Makka dubu ɗari ce."

"Haka take. Inna ko raka'a guda ba ta samu ba cikinta. Kina ganin Allah ya tauye ta?" Ta ja hanci. "Ba lada nike miki tsoro ba. Ruwan ga nike tsoro. Ya ci mini guda, na ce ba shi ganin ta biyu. Ga shi kin tahi, kin tsaya gabanta da alwala, kin karanta Fatiha. Kuskure ne, kada ki sake. Amma ni dai na ji sanyi."

Ruwan ya sake zuwa ya koma, sai ta tambaya:

"Yaron yana nan?"

"Yana nan."

"Da ƙarfi gare shi, ko wuyan ne kawai?"

"Sitti!"

"Tambaya nike. Ina so in zo in gaishe ta tun ina da ido. Wa ka sauke ni matakala tamanin da huɗu? Ba ni hawa bayan ƙaton da ba muharramina ba. Amma in anka ɗaura Alhamis, mijin jikata ɗana ne. Jumu'a da sahe shi goya ni." Ta yi tari. "In kina son shi. In ba ki so, a bar ni inda nike, ba a aure don tsohuwa ta sha iska."

"Ina sonsa," na ce. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga Nu'uman ya saki takalmin.

Na kashe waya na share fuska da bakin tarha. Na ce, "Kilo nawa kake iya ɗauka?"

"Tankina na hannu talatin ne. Me ya faru?"

"Arba'in da ɗaya. Matakala tamanin da huɗu. Kuma tana da raki, gefen dama."

Ya dube ni, ba hannu ba, ba takalmi ba. "Wannan amsa ce?"

"Ka ce wa mutanenka su zo da wuri, Ummi ba ta son shinkafa ta huce."

Da muka koma, Khala Jannatu ta naɗe darduma tana tsaye riƙe da ƙugu. Ta buɗe baki, ta ga idona, ta ga bakinsa da ya ƙi rufuwa, sai ta miƙa masa fulas ta ce ya ɗauka, tun da ya zama ɗan gida.

Yau Laraba. Gidanmu ya cika da ƙamshin turaren wuta, Ummi tana ta waya tana guɗa ƙasa ƙasa don kada maƙwabta su riga jin labari. Nu'uman ya turo mini hotonsa yana hawa benen gidansu da buhun shinkafa a baya, ya rubuta: "Hawa na shida." Na saka manhajar alƙibla a wayata, na ɓoye ta a bayan sauran don kunya.

Ɗazu bayan la'asar na shiga in juya wa Sitti kujera, na tarar ta sa Ummi ta sauko mata da tsohuwar jakar saman kwaba. Abu biyu ta fitar ta ɗora a cinya. Ɗaya wani ɗankwali ne da ya koɗe har ba a gane launinsa. Ɗayan farin yadi ne a naɗe, wanda ta wanke da zamzam tun kafin a haife ni.

"Sitti, likkafanin fa na mene ne? Awa ɗaya ce, mu dawo."

Ta shafa shi, idonta a kan agogon Harami.

"Haka Inna ta ce, kwana huɗu ne mu sauka. Sa shi cikin jaka. Kuma ki gaya ma yaron, in mutuwa ta same ni can, kada shi tsaya kuka. Shi juyo da mota gabas, a rufe ni Makka."